Ga fasto, mene ne kuma amfanin dattawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai amfanin dattawa da yawa a ikilisiya tunda ga fasto, kuma zamansu yakan jawo jinkiri da gardama.

Duba yadda manzanni suka yi. A Ayyukan Manzanni 14:23, Bulus da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ikilisiya. Da Bulus ya iso Militas, dattawan Afisa ya kira, ya damƙa musu kiwon garken su duka, amma sai da ya fara ce musu su kula da kansu (20:28). A ganina nan maganar take. Makiyayi ma yana bukatar mai lura da shi. Faston da babu mai iya ce masa "a nan ka kauce" yana cikin haɗari, shi da jama'arsa. Gajiya kaɗai ta isa ta kā da shi, balle girman kai.

Jinkirin kuwa gaskiya ne, amma yawanci rashin raba aiki ke kawo shi, komai ƙanƙantar abu sai an jira taro. Shawarar Yetro, surukin Musa, cewa Musa ya raba aikin shari'a da waɗansu amintattun mutane (Fitowa 18) tana da amfani a nan. Wani ya riƙe ziyarar marasa lafiya, wani koyarwa, tunda 1 Timoti 5:17 ya nuna ba dukansu ke wa'azi ba. Kuɗi kuma kada a bar wa mutum ɗaya, ko don kare mutuncinsa. Horo da batun koyarwar gaskiya, waɗannan a zauna tare. In baki bai zo ɗaya ba, gara a ɗage a yi addu'a da a tilasta wa wasu da rinjayen ƙuri'a ɗaya.