Tambaya da amsa: An ce sola ce ke ƙona shaguna, ni kuma ina shirin sawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon lemo da ƙanƙara a Funtua, firiza biyu. Tun kullen korona jarina ya karye, ina ɗan farfaɗowa sai aka cire tallafin mai, yanzu janareta ke cinye ribar kaf. Na tara kuɗi zan sa sola amma wallahi tsoro nake ji, a layinmu wani shago ya ƙone aka ce sola ce. Yaron da zai min aikin ya ce tunda batirin mai bolt 12 ne ko jan mutum ba ya yi, ragowar wayar da aka yi wayarin shagon ta isa, fis kuma asarar kuɗi ne. Don Allah a ba ni shawara, shagon nan shi kaɗai nake da shi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Shawarar sa sola dai ka yi daidai. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta zo ta haura 1,000 a 2024, ga duhun da Arewa ta kwasa sama da mako guda a Oktoban 2024, mai sana'ar sanyi ba zai rayu a haka ba. Rana kuwa muna da ita har ta yi mana yawa.

Amma yaron nan ka dakatar da shi yau ɗin nan, kar ya taɓa maka komai. Maganar "ai 12 ne ba ya ja" kullum sai na ji ta, kuma ita ce ke ƙona wa bayin Allah dukiya. E, ba zai ja ka ba in ka taɓa, amma jan mutum daban zafin waya daban. Abin da ke ɗumama waya yawan amfiya ne, wato adadin wutar da ke bi ta cikinta, kuma ga kaya iri ɗaya in bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, ya yi ƙasa amfiya sama take yi. Lissafa da kanka, kayan wat 1,000 a wutar Nepa ta 230 amfiya 4 da 'yan kai suke ja, amma wat 1,000 ɗin nan daga batir mai 12 ya haura amfiya 80, in ka haɗa da abin da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta Nepa, ke ci ya doshi 100. Wayar soket mai lamba 2.5 da yake so ya sa maka amfiya 20 da ɗoriya take iya ɗauka, to ka ga kamar ka tura ruwan kogi ta bakin buta ne, roba za ta yi laushi ta narke, wayoyi biyu su haɗu, kuma batir in aka haɗa masa baki ɗaruruwan amfiya yake sakowa lokaci guda babu mai tsayar da shi in ba fis. Wannan fis ɗin da ya ce asara ne, shi ne mai gadin shagonka da dare kana gida kana barci.

Wani abin da ke ƙona min rai, wasu sai su ce ai mun sa bireka, ka duba ka tarar birekar wutar Nepa ce. Wutar Nepa tana sauka sifiri sau 100 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa, ta batir da fanel kuwa miƙe take, in ta kama tartsatsi sai ta yi ta ci kamar walda. Dole bireka ta zama wadda aka rubuta DC a jikinta, wato ta wutar batir da fanel. Ga kuma wayar jabu ta cika kasuwa, sama jan ƙarfe ciki alminiyom, ka kankare bakinta da wuƙa in ka ga fari ka mayar masa da kayansa. Duk wanda ya yi wata uku yana riƙe wa maigida tsani yanzu ya zama injiniyan sola, ranar da ta ɓaci kuma sai a ce sola ce, alhali fanel na kan rufi bai yi laifin komai ba. Haƙƙin mutane ne fa wannan, wanda ya karɓi kuɗin talaka ya yi masa aikin da bai iya ba, wallahi sai ya yi bayani gaban Allah.

Firiza biyu ma bai kamata a ɗora su kan 12 ba, don in kwamfureso, wato injin firizar, zai tashi yana fizgar ninkin abin da yake ci sau da yawa. Ka tafi 24, amfiya ta ragu rabi, in da hali 48. Tsakanin batir da inbata a sa waya mai kauri, mai lamba 25 ko 35, gajera, a matse bakinta da kyau da kan ƙarfe ba a murɗa da hannu a naɗe da salatif ba, fis kuma ya zauna dab da kan batir. Kar a haɗa fanel da batir kai tsaye ba kwanturola, na'urar da ke daidaita cajin batir. In batir mai ruwa ne a ajiye shi inda iska ke shiga don yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, kuma nesa da kwalaye da ledojin lemo, ka san zafin Afrilu a shago mai rufin kwano.

In kuma kana tunanin samun tallafin sa sola, gwamnati ta ƙaddamar da shirin Solar Power Naija a Jangefe ta jihar Jigawa a 2021 cikin tsarin farfaɗo da tattalin arziki bayan korona, aka ce za a haɗa wa gidaje miliyan 5, amma kar ka ajiye sana'arka kana jira, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom a hannu ka rabu da shi. Ka nemi mai takardar shaidar aikin wuta ta NEMSA, hukumar gwamnati mai duba ingancin aikin lantarki, ka ce ya kai ka aikin da ya yi shekara biyu baya ka gani da idonka, ka tambayi mai shagon. Bayan an gama naka, ka kunna firiza biyun na awa ɗaya ka dafa wayar batir da hannu, in ta yi zafin da ba ka iya riƙewa a kashe a canza ta kafin ka cika masa kuɗinsa.