Wane ne Clapperton, Baturen da ya rasu a ƙasar Sakkwato?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai wani Bature mai suna Clapperton da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mutumin Ingila ne? Kuma me ya kawo shi?

Amsa: Malam, ba mutumin Ingila ba ne. Hugh Clapperton ɗan Sikotilan ne, an haife shi a garin Annan a 1788, ya yi aikin sojan ruwa kafin gwamnatin Birtaniya ta turo shi neman sanin inda kogin Kwara ya dosa, da kuma buɗe hanyar ciniki.

Zuwansa na farko ta Sahara ne. Sun taso daga Tarabulus a 1822 shi da Dixon Denham da likita Walter Oudney, wanda shi ma ɗan Sikotilan ne, suka iso Kukawa a 1823. Oudney ya rasu kusa da Katagum, Clapperton ya ci gaba har Kano a Janairun 1824. Ya kiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya yaba tsarin kasuwar, har ya sayi koriyar laima ƙirar Ingila a cikinta. Wato kayan Turai sun riga Baturen isowa Kano, ta hannun fatake.

Abin da na fi so masu karatu su lura da shi shi ne zamansa da Bello a Sakkwato. Baƙo ya zo, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi, ba da ƙarfin bindiga ya shigo ba. Bello ya yi ta yi masa tambayoyi kan ɗarikun Kiristoci na da, har Clapperton ya rasa amsa. Ya kuma ba shi wasiƙa zuwa ga Sarki George na Huɗu. A zuwa na biyu Clapperton ya kawo masa littafin lissafin handasa na Uƙlidis, masanin Girka na da, da Larabci, Bello ya ce gidansu sun taɓa mallakar irinsa, gobara ta cinye.

Wannan zuwan na biyu bai yi daɗi ba. Ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825, ya ƙetare Kwara a Bussa, inda ɗan ƙasarsu Mungo Park, wanda ya riga shi binciken kogin, ya halaka a 1806. Ya tarar Sakkwato na yaƙi da Shehu al-Kanemi na Barno, shi kuwa yana ɗauke da kyaututtuka zuwa Barno, ciki har da makamai. Bello ya hana shi wucewa, kuma a ganina babu sarkin da zai bar makami ya tafi hannun abokin gabarsa. Ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827. Hadiminsa Richard Lander ne ya binne shi a wajen gari, ya koma da takardunsa Birtaniya. Lander ɗin ne da ƙanensa John suka bi Kwara har teku a 1830. A Afrilun 2027 za a cika shekara 200 da rasuwar Clapperton.