Tambaya da Amsa: Gano Waƙar Sifen da Ba a San Sunanta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. An turo min wasu tsofaffin waƙoƙin Sifen ta WhatsApp, babu sunan waƙa, babu na mawaƙi. Akwai jita, akwai tafi, ga murya mai ratsa jiki. Na gwada Shazam, manhajar gano waƙa, bai gane ko ɗaya ba. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shazam faifai yake ganewa, wato yana gwada sautinka da ainihin wanda ke rumbunsa. In a wurin biki aka naɗi waƙar da waya, ba zai same ta ba. Sannan jita da tafin da ka ambata alamar filamenko ce, kiɗan gargajiya na yankin Andalus a kudancin Sifen, kuma yawancin waƙoƙinsa ba su da suna tun asali. Mawaƙi kan haɗa baituka masu layi uku ko huɗu, yau ya sa wannan a gaba, gobe wancan. Don haka ka ajiye neman suna tukuna, ka nemi nau'in waƙar, wanda suke kira palo. Kamar dai a nan ne, da jin kotso ka san waƙar fada ce kafin a ambaci sarki.

Bi tafin, ka ƙyale muryar, domin mawaƙi na jan baiti yadda ya ga dama. Rage gudun waƙar zuwa 0.75 a VLC, manhajar kunna sauti, ka ƙirga. In bugun na zagayowa a 12, nauyi na faɗawa kan 3, 6, 8, 10 da 12, to kana cikin dangi guda. Mai tafiya a hankali cikin jimami soleá ce. Mai fara'a, wadda sau da yawa ake buɗewa da “tirititrán”, alegrías ce ta garin Kadis. Mai gudu sosai kuwa bulerías ce ta garin Jerez, kuma nan ne mutane ke ruɗewa, saboda daga 12 ake fara ƙirgarta. Wanda ya fara daga 1 zai ji nauyin na kuɓuce masa. Seguiriya tana da nauyi biyar: gajere, gajere, dogo, dogo, gajere. Bugu huɗu-huɗu tangos ne, in ya yi sanyi tientos. Bugu uku-uku mai sassa huɗu, ana tsayawa cak a ƙarshen kowane, sevillanas ne. In babu tafi kuma ƙirga ta ƙi zama, jita na bin murya kawai, duba malagueña, granaína ko taranta.

Bayan nan sai kalmomi. Layi biyu sun isa, amma a yi hattara da lafazin Andalus: suna haɗiye s ta ƙarshe, -ado ta koma -ao, alma ta fito kamar arma. Gyara rubutun zuwa daidaitaccen Sifaniyanci, ka sa layin cikin alamar zance a Google, ka ƙara kalmar letra, wato baitin waƙa, da sunan nau'in. Baituka da yawa suna cikin littafin da Antonio Machado Álvarez ya tattara a 1881. Baiti ɗaya zai fito da mawaƙa da dama, daga nan sai kunne ya tantance muryar. In kuma ka ji ana dukan akwatin katako, naɗin ba tsoho ba ne can, domin a ƙarshen shekarun 1970 makaɗin jita Paco de Lucía ya shigo da shi cikin filamenko daga Peru.

Tambaya: Tawa babu tafi, busa ce da ganga. Ita ma filamenko ce? Daga mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Da wuya, Malama. Busa mai jakar iska, wadda sautinta ba ya yankewa, ta yankin Galisiya ce ko Asturiyas a arewacin Sifen. In bugunta na tsalle shida-shida, muiñeira ce. A lura da harshen ma, don yana iya zama Galisiyanci, Katalanci ko Baskanci, kuma bincike da Sifaniyanci ba zai haifar da komai ba. Alan Lomax, Ba'amurke mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya zagaya ƙauyukan Sifen daga 1952 yana naɗar irin waɗannan waƙoƙi, ana sauraronsu kyauta a intanet, an kasa su gari-gari. Ki fara da na Galisiya.