Zan iya saya wa ɗan yayana Keke Napep da kuɗin zakka?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Katsina. Ɗan marigayi yayana, shekararsa 23, ya bar karatu a foliteknik saboda rashin kuɗin rajista, yanzu kullum yana majalisa a Ƙofar Marusa. Ina so in saya masa Keke Napep na hannu da zakkata, ya riƙa kawo mini balas kowane mako don kada ya yi wasa. Wani ya ce mini ba a ba mai lafiya zakka.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ba ka yar da zumunci ba. Ba shi zakka ya halatta, tunda ciyar da ɗan ɗan'uwa bai wajaba a kanka ba, kuma ladanka biyu: na sadaka da na zumunci.

Inda gizo yake saƙa shi ne balas ɗin nan. Zakka mallakawa ce. Ranar da ka miƙa ta, ta fita daga hannunka ke nan. In takardun keken na sunanka ne, ko kuma ko da naira ɗari ce tana dawowa aljihunka, jari ka zuba, zakka tana nan a wuyanka. Ka ba shi kuɗin su zama nasa, sannan ya wakilta ka ku je tare a sayo, a rubuta sunansa. In tsoron ɓarnarsa kake yi, sa shi ya shiga adashi, ko ya riƙa ajiya wajen mahaifiyarsa, amma kuɗin nasa ne.

Shi kuwa wanda ya ce ba a ba mai lafiya, ya kama rabin hadisi ne. Mutum biyu suka zo wa Annabi (SAW) a Hajjin Bankwana yana rabon sadaka, ya dube su sama da ƙasa, ya ga ƙarfafa ne, ya ce in sun so zai ba su, amma mawadaci da ƙaƙƙarfa mai sana'a ba su da rabo a ciki. Sifa biyu aka haɗa: ƙarfi da abin yi. Yaron da ya zaga gareji da shaguna aka ce masa babu gurbi, ƙarfinsa me ya tsinana masa? Hatta Shafi'awa, da suka fi tsanantawa a nan, sun ce wanda bai samu aikin da zai ishe shi ba ana ba shi, kuma Imam Nawawi ya ce a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa, komai tsadarsu. A mazhabarmu ta Malikiyya ma Shehu Khalil ya faɗa ƙarara a littafinsa Mukhtasar cewa ya halatta a ba mai ikon nema. Ina jin ciwon yadda ake fakewa da wannan magana a hana matasa, sannan a raba zakkar dubu-dubu a ƙofar gida, ta ƙare kafin la'asar.

Abu ɗaya ban gani a tambayarka ba: ka zauna da shi kuwa? Wataƙila zuciyarsa tana makaranta, kuɗin rajista kuma bai kai kuɗin keke ba. Tambaye shi ku biyu, ba a gaban 'ya'yanka ba. Ka kuma bincika abokan zamansa. In akwai shaye-shaye, kada ka damƙa masa makulli sai an fara magance wannan. Bayan ka ba shi, ka kiyayi gori, kada kuma ya zama direban gidanka na kyauta, yau kai yara Islamiyya, gobe ɗauko kaya daga Babbar Kasuwa. In ya ɗauke ka, biya shi kamar kowa.

Wallahu a'alam.