Fayil ɗin dilana na Dubai ya ƙi buɗewa, in biya a sake buga min?

Wani Alhaji ɗan Aboabo mai shagon kayan mota a Suame Magazin ne ya turo wannan tambayar, ga ta a taƙaice: "Malam, mutumin da nake sarin kaya wurinsa a Dubai ya turo min lissafin kaya da farashi ta imel, layi ya fi 600, amma abinda na gani wani abu ne wai winmail.dat, waya ta ƙi buɗewa, laftof ɗin yarona ma haka. Yaron ya canja sunan ya sa .xlsx, sai Excel yace fayil ya lalace. Wani mai kafen intanet a Adum yace in sa mutumin ya ɗauko hoton takardun, shi kuma ya buga min su ɗaya bayan ɗaya in biya shi. Ga ejan ɗina mai fitar min da kaya a Tema yana ta kira yana jiran lissafin. In biya ne ko da wata hanya?"

Alhaji, salamu alaikum, Allah ya ƙara kasuwa. Kar ka biya tukuna, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Wannan winmail.dat ɗin aikin Outlook ne, manhajar imel ta Microsoft da ofisoshi ke amfani da ita, in mai turawa ya saita ta a kan tsarin da suke kira Rich Text sai ta tattara wasiƙar da duk abinda aka maƙala mata ta ƙunshe su wuri ɗaya, in kai ma Outlook gare ka zata kwance maka ba ka ma san anyi ba, in kuma wata manhajar ce a wayarka sai ka ga ƙunshin kawai. Kamar huhun goro ne, goron na ciki, kuma don ka goge sunan da ke jikin huhun ka rubuta wani ba shi zai kwance igiyar ba. Abinda yaronka yayi kenan da ya canja sunan, shi yasa Excel ya ƙi.

Hanya mafi sauƙi kuma kyauta, ka kira mutumin naka kace ya turo maka fayil ɗin Excel ɗin ta WhatsApp a matsayin dokumen, ba hoto ba, minti biyu an gama. In ya nace sai ta imel, kace ya canja tsarin wasiƙar daga Rich Text zuwa HTML kafin ya tura, yana nan a ƙarƙashin Format Text. Ni abinda ke bani mamaki da 'yan kasuwarmu, mutum zai tura ma dila dala dubbai amma yana jin nauyin ce masa sake turo min takarda. Kai ne mai saye fa Alhaji, haƙƙinka ne a baka lissafi a yadda zaka iya karantawa. In kuma ba a same shi ba ga ejan na matsa maka, akwai ƙaramar manhaja kyauta ta Windows mai suna Winmail Opener, masu Mac kuma suna da TNEF's Enough, ka saka fayil ɗin ciki su fito maka da abinda ke ƙunshe. Shafukan intanet masu cewa loda fayil mu juya maka su ma suna yi, amma ni bana so, don farashin sarinka da sunan dilanka su ne sirrin shagonka, ga lambar akawun a jikin invois, ka ɗora su a kwamfutar wanda baka sani ba.

Tunda kayan mota kake yi zaka ci gaba da haɗuwa da irin wannan daga wasu wurare, to ka koya ma yaron dabara ɗaya. Duk fayil ɗin da ya ƙi buɗewa ya danna masa dama, ya zaɓi Open with, ya buɗe shi da Notepad ya dubi farkon layi, kar ya adana komai, kallo kawai. In ya ga PK a farko to dangin zip ne, kuma Excel na zamani tun 2007 haka cikinsa yake, a nan ne kawai canja suna zuwa .xlsx kan iya yin aiki. In ya ga %PDF to PDF ne. In kuma ya ga sunayen kaya da lambobi ana karantawa, waƙafi na raba su, to CSV ne, Excel na shigar da shi. Mutanen Guangzhou wani lokaci zasu turo maka mai ƙarewa da .et, wannan na WPS Office ne, ka sauke WPS kyauta ka buɗe ka adana shi a matsayin xlsx. Mai .numbers kuma daga na'urar Apple ya fito, kace mai shi ya fitar maka da shi a Excel.

Amma inda nake so ka buɗe kunne shine bayan ya buɗe, don fayil ɗin da ya ƙi buɗewa ɓata maka rai kawai zai yi, wanda ya buɗe ya jeru tsaf kamar ba komai shi ke cin kuɗi. Excel yana da karambani, in ka danna CSV sau biyu ya buɗe kai tsaye sai ya fara gyara maka lambobi, sau da yawa ba tare da ya tambaye ka ba. Lambar kayan Bosch guda 10 ce kuma da yawansu da sifili suke farawa, irin 0986 kaza kaza, Excel zai ɗauka lissafi ne ya cire sifilin, haka zai yi ma lambobin wayar kwastomominka masu 024 da 020. Lambar bakod mai 13 zata koma wani abu kamar 6.9E+12. Duk lambar da ta wuce 15 kuma, daga ta 16 zuwa ƙarshe sifili yake mayar da su, in ka adana a haka sun tafi kenan sai dai ka koma fayil na asali. Lamba irin 3-12 sai ya mayar da ita kwanan wata. Kaga in da wannan lissafin ka yi oda, sai kwantena ta iso Tema, ka biya duti, an ɗoro kaya a mota har Kumasi, sai ranar da fita, wato makanike, ya zo da tsohon birki a hannu ya gwada ya ce bai shiga ba sannan zaka gane, kuma dila ba zai karɓi laifi ba tunda lambar da ka tura ita ya baka.

Maganinsa kar a buɗe kai tsaye. A buɗe Excel babu komai, a je Data, a zaɓi From Text/CSV, a shiga Transform Data, layin lambar kaya da na bakod da na waya a mayar da su Text tun kafin a shigar. In Google Sheets ne, wajen shigarwa akwai wani ɗan akwati da ke cewa zai juya rubutu ya koma lambobi da kwanan wata, a cire alamar da ke kansa. In rubutun Sinanci ya fito kamar tsutsotsi, a tagar From Text/CSV ɗin nan ta Excel akwai File Origin, a gwada 65001 wato UTF-8, in bai yi ba a gwada 936.

Sai maganar digo da waƙafi, ita ma ta isa. Mu a Gana 1,250.50 muke rubutawa, amma Turkiyya da Jamus a juye suke yi, 1.250,50, maƙwabtanmu na Lome da Abijan ma waƙafi suke sawa kafin sulalla. To famfon da ake sayarwa yuro 1.250 sai ya fito maka 1.25, ka ga araha ka yi murna ka ɗora riba a kan iska. Dubai yawanci irin namu suke rubutawa, amma ranar da ka fara sari daga Istanbul ka tuna da wannan. Kwanan wata ma haka, 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka saita ta Amurka 4 ga Maris ne, kuma laftof ɗin da ake kawo mana na hannu da yawa da saitin Amurka suke zuwa.

Shi yasa duk wanda ya juya maka fayil, ɗanka ne ko mai kafe, kafin ka yi aiki da shi ka sa a haɗa jimillar kuɗin layin ƙarshe, daga sama zuwa ƙasa, a Excel a gwada da jimillar da dila ya rubuta a ƙasan invois, a ƙirga yawan layi, sannan ka zaɓi kaya kamar 10 masu tsada ka duba lambarsu da idonka. In jimilla ta bambanta ko da dirham 5 ne akwai layin da ya karkace, a nemo shi.

Bugawa da hannu da mai kafen ya ce, sai in asalin takardar hoto ce ba yadda za'a yi, ko a nan ma Excel na Microsoft 365 yana ɗauko tebur daga PDF da kuma daga hoto, sai dai yana rikita 0 da O, 1 da I, 8 da B, waɗanda kuma su ne cike da lambar kayan mota. In ta kama a buga, mutum biyu su zauna ɗaya na karantawa da ƙarfi ɗaya na bin allo, kuma rabin kuɗin aikin ka riƙe sai jimilla ta yi daidai.

Abu ɗaya kuma da ban so in wuce, ba duk fayil mai ƙin buɗewa bane na Allah da Annabi. In ka danna ya kai ka wani shafi yace saka faswod ɗin imel ɗinka don ka ga invois, ko sunansa ya ƙare da .exe ko .html, ko Excel ya buɗe da rubutu yana roƙonka ka danna Enable Content, rufe shi. Haka 'yan damfara ke shiga imel ɗin ɗan kasuwa su zauna shiru suna karanta cinikinsa, ranar biya sai ka ga wasiƙa da sunan dilanka wai sun canja banki ga sabon akawun. Ko fesuwa kar ka tura sai ka kira shi a tsohuwar lambar da ka sani ka ji muryarsa. In har an riga an danna, a canja faswod nan take, a sanar da banki, hukumar tsaron intanet ta Gana kuma ana samunta a 292.

Ejan ɗinka kuwa, ka tura masa asalin invois da fakin lis, wato takardar jerin kayan da aka loda, yadda suka fito daga hannun dila, su zai yi aiki da su a ICUMS, tsarin kwastan na Gana a intanet, wanda ka juya ɗin naka ne na shago. A cikinsa ka ƙara layin kuɗin jirgi da duti da kuɗin ejan da motar Tema zuwa Kumasi, sannan canjin kuɗi ka sa shi a gida ɗaya tak a sama, duk sauran layuka su riƙa ɗauka daga nan. Dirham a ɗaure yake da dala, 3.6725 tun 1997, sidi ne ke motsi, to duk ranar da ya motsa gida ɗayan nan zaka taɓa, farashin kaya 600 ɗin su gyaru gaba ɗaya.