Sayen Makon Hutu a Dubai: Amsa Ga Wata 'Yar Kasuwar Kejetia

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi ta ce shekara shida ke nan ba ta bar shago don hutu ba. Da ta je sarin kaya Dubai, sai aka yi mata tayin sayen mako guda a wani masauki, ya zama nata duk shekara, tana kuma tambaya ko wannan jari ne.

Hajiya, Allah Ya ƙara buɗi. Batun hutu kam ina tare da ke, domin gajiya tana cin riba ta inda ba a gani: kuskuren lissafi, ba da bashi ga wanda bai cancanta ba, da saurin fushi da abokin ciniki. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta tanadar wa ma'aikaci hutun aƙalla ranakun aiki 15 a shekara tare da albashinsa, amma mai shago ita za ta yanka wa kanta. Tafiyarki ce kuma za ta nuna miki ko yaran shago za su iya riƙe littafin ciniki da kuɗin MoMo (kuɗin da ake turowa ta waya) ba ki nan.

Sai dai wannan tayin ba jari ba ne. Galibi damar kwana ake sayar miki, sannan ki riƙa biyan kuɗin kula da ginin kowace shekara, ko kin je ko ba ki je ba, kuɗin kuma yakan ƙaru, masu son sayar da nasu kuwa da ƙyar suke samun mai saye ko da sun karya farashi. Ki tuna cinikinki da sidi ne, kuɗin Gana, alhali dirhami, kuɗin Dubai da za ki riƙa biya da shi, yana ɗaure da dala. Duk wanda ya ga 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya san nauyin irin wannan alkawari. Ga tikitin jirgi, ga biza.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin. Azumi da Sallah suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka mako tsayayye a kalandar Turawa wata rana zai faɗo a tsakiyar cinikin Sallah. Kamfanoni irin su RCI suna musanya mako, amma da ƙarin kuɗi.

Amfaninsa ɗaya na yarda da shi: wanda ya riga ya biya yakan daure ya tafi. Wannan kuwa adashi zai yi miki. Ki ware kuɗin hutu duk mako, bayan Babbar Sallah ki fara da kwana uku a bakin Tafkin Bosomtwe, wanda ba shi da nisa da Kumasi. In har ranki na kan na Dubai, kada ki sa hannu sai lauya ya karanta miki sharaɗin fita daga yarjejeniyar, da abin da zai hau kan magada.