Filin Makiyaya: In sayar da shanun gado in sayi adaidaita-sahu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu bara, da aka raba gado na tashi da shanu tara da tumaki goma sha biyu. Dusa ta yi tsada, burtalin da muke bi zuwa mashaya an nome shi. Baffannina sun ce kiwo ya ƙare, in sayar duka in sayi adaidaita-sahu. Ina da mata da 'ya'ya biyu, na rasa abin yi.
— Mai karatu daga Maigatari, Jihar Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya albarkaci abin da ya bari.

Baffanninka suna da gaskiya game da wuyar da ake sha. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da dusa da maganin dabbobi suka haura. Bayan wata biyu sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Kai da ke Maigatari ka fi ni sanin yadda kara, wato kasuwar dabbobi, ta kasance ranakun Alhamis a lokacin. A Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, Nijar ta hana fitar da dabbobi. Amma ka lura da wani abu: duk sanda aka tare na ƙetare, dabbar da ke ɗaure a turken gida ce ke yin daraja. Adaidaita kuwa kullum sai ta sha man nan da ya yi tsada, kuma ba ta haihuwa.

Saboda haka ban yarda ka sayar duka ba. Rage baki za ka yi. Buɗe bakin kowace saniya ka duba haƙoranta. Wadda suka cinye, da juyar da ta shekara biyu ba ciki, da bijimin da ba ka noma da shi, su ne na kasuwa. Karsana da mai ba da nono kada ka taɓa su. Kuma da kaka ake sayarwa, suna da tsoka, ba da bazara ba. A shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi, na ga wani dattijo da ya riƙe shanunsa har zafi ya yi tsanani. Saniyarsa ta kwanta a bakin kara, mutum huɗu suka kama wutsiya da ƙaho ba ta tashi ba, mahauta suka saye ta kuɗin rago. Ya juya baya yana share ido da hannun riga. Har yau abin yana damuna.

Kuɗin da ka samu kada su shiga hidimar gida gaba ɗaya. Da an cire amfanin gona ka sayi harawa da kowar wake da karan dawa, ka jibge a kan rumfa inda ruwa da gara ba za su kai ba. Ka yi wa shanun rigakafin ciwon huhu, ka ba su maganin tsutsa da na hanta farkon damina da ƙarshenta. Tumakin nan ma jari ne: rago biyu ko uku a turke, wata huɗu kafin layya, za su ɗauke maka cefane mai yawa.

Batun gwamnati kuwa, a Yulin 2024 an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, ina yi mata fatan alheri. Sai dai dokar gandun kiwo tun 1965 take a Arewa, ga shi burtalinku ya zama gona. Shirin Ruga na tsugunar da makiyaya ma a 2019 aka dakatar da shi tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Kada ka yi lissafin gidanka da alkawari. Maganar burtali ku haɗu da arɗo ku kai wa hakimi tun kafin shuka, da takarda a hannu, kada ka tunkari mai gona kai kaɗai.

Baffanninka ka je musu da ladabi, ka nemi su ba ka damina biyu. Sannan ka sake rubuto mini shekarun kowace saniya da haihuwarta nawa, mu zaɓi waɗanda za su fita.